Ranar da Littafi na Uku Ya Iso

An idar da sallar isha'i ke nan aka ji ƙarar. Ba ihu ba ne, ba kuma guɗa ba ce. Wani dogon nishi ne da ya fito daga maƙogwaro da yawa a lokaci guda, ya tsallake katangar gidan Malam Lawwali, ya bi lungu, har kwaɗin da ke kuka a kududdufin bayan gida suka yi tsit na ɗan lokaci.

Baba Ezekiel, tsohon sojan da gidansa ke manne da nasu, yana zaune ya tsoma ƙafafu cikin ruwan ɗumi. Ya san irin wannan nishin. Ya sha jin sa a bariki, duk ranar da motar ofis ta tsaya ƙofar wani gida. Bai tsaya neman takalmi ba, ya suri tocila ya fito da jiƙaƙƙun ƙafafu.

Ya tarar da Malam Lawwali a zaure, yana murɗa rediyo hankali kwance.

"Malam, wa muka rasa?"

"Ramatu."

"Wayyo! Allah shi jiƙan ta. Wace Ramatu?"

"Ta cikin littafi," in ji Malam Lawwali, ko kai bai ɗago ba. "Leƙa ka gani. Har da matarka cikin masu makokin."

A tsakar gida matan unguwa ne kan tabarmi, sun kewaye fitilar ƙwai. A tsakiyarsu Khairunnisa ce, ɗiyar Malam Lawwali, malamar firamare, da littafi a cinyarta. Ta daɗe da zama bakin matan nan. Kowane dare, in an gama wanke-wanke, sai su taru ta karanta musu littattafan da ake bayarwa haya a kasuwar Zuru. Littattafan kan zo da warin kananzir da manja, don sun kwana a ɗakuna da yawa kafin nata. Wani lokaci ta buɗe shafi ta tarar da busasshen ganyen lalle, ko ta ga inda wata da ba ta sani ba ta rubuta a gefe da biro: Allah ya isa. Takan tsaya ta dubi rubutun, tana tunanin wace ce wannan, a wane gida take, wa ya ɓata mata rai haka.

Littafin da suke kai yanzu ya bambanta da na baya. Soyayya ce, amma da gawa a cikinta. Wata budurwa ce, Sa'adiya, ta kamu da son wani mutum mai sanyin hali, Maharazu, wanda matarsa Ramatu ta rasu. A daren nan, a shafin ƙarshe na littafi na biyu, likita ya faɗa wa Sa'adiya a asirce cewa Ramatu ba ciwo ya kashe ta ba. Guba aka sa mata a fura.

Daga nan nishin ya fito.

"Ci gaba mana!" in ji Mama Dinah, matar Baba Ezekiel, tana share ido da bakin zani.

"Ya ƙare, Mama. Sun ce mu nemi na uku."

"To nemo shi."

"Bai iso ba. Mai haya ya ce ko a Kano bai daɗe da fitowa ba."

Nan fa gardama ta ɓarke. Wata ta ce kawun Ramatu ne, mai kwaɗayin gidan gadonta. Wata ta rantse mai aikin gidan ce. Mama Dinah ta ce ita likitan ma ba ta yarda da shi ba, mutumin da ke magana ƙasa-ƙasa kamar mai sayar da kayan sata. Aka yi dariya cikin hawaye.

Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba. Gwaggo Fadima, yayar Malam Lawwali, wadda ta raini Khairunnisa tun rasuwar mahaifiyarta, tana zaune jikin turmi da carbi a hannu. Sai da hayaniyar ta lafa ta yi magana.

"Mijin ne."

"Haba Fadima, wannan bawan Allah?"

"Ku tuna littafi na ɗaya. Ranar da aka kai Ramatu, an ce ko ɗigon hawaye bai yi ba. Namijin da ya binne matarsa da busasshen ido, ku ji tsoronsa."

Tana faɗa, ba Mama Dinah take kallo ba. Khairunnisa take kallo.

* * *

Kowa a unguwar ya san wanda ke zuwa zance wurin Khairunnisa. Yusha'u ne, mai gyaran rediyo a bakin kasuwa, mutumin Wasagu. Dogo ne, ba ya son magana, in ya gaishe ka idonsa na ƙasa. Matarsa Hurera ta rasu damina biyu da suka wuce. An riga an sa magabatansa za su zo gaisuwa da zarar an ɗan samu sararin noma.

Da safe Khairunnisa tana ɗaura ɗankwali za ta makaranta, ta ji muryar Gwaggo a ɗakin mahaifinta.

"A aika musu su dakata."

"Yaya, mi ya yi?"

"Ban ce ya yi ba. Na ce su dakata."

Malam Lawwali bai taɓa tsallake maganar yayarsa ba tun suna yara. Ya yi ɗan tari, ya ce to.

Khairunnisa ta jira har Gwaggo ta koma ɗakinta, ta bi ta, ta durƙusa bakin gado.

"Gwaggo, littafi ne fa. Wata ce ta zauna a Kano ta ƙirƙira. Babu Maharazu, babu Ramatu."

"Kina gani na haukace ne? Na san babu su."

"To mi ya haɗa Yusha'u da shi?"

"Na tambayi matan Wasagu da ke kawo daddawa. Sun ce ranar da aka binne matarsa bai yi kuka ba. Washegari da sassafe ya saɓa fartanya ya tafi gona, masu ta'aziyya na zaune ƙofar gidansu. Kuma dubi yadda shike gaishe ni, kai sunkuye, murya kamar ta mai jinya. Maharazu ma haka shike yi. Wancan ma mangwaro shike kawowa."

"Gwaggo, rabin mazan Zuru mangwaro suke kaiwa zance."

"Kar ki mai da ni abin wasa."

Hawaye suka cika idon Khairunnisa. "Hurera zazzaɓi ne ya kashe ta. A asibiti ta rasu, gaban uwarta."

"Haka aka ce." Gwaggo ta ajiye carbin. Ta daɗe tana kallon wani tsohon akwatin ƙarfe da ke ƙarƙashin gadonta, mai zanen furanni da suka koɗe. "Ni ma haka aka ce mini. Zazzaɓi. Bilkina ta bar gidan nan da ƙafarta, tana dariya, ta bi miji soja zuwa barikin kudu. Akwatinta aka kawo mini. Mijin ya zo ya zauna a zauren can, shiru-shiru, mai ladabi, kowa na yabonsa. Na duba idonsa, ban ga komai ba. Har yau ban san abin da ya faru da ɗiyata ba. Wataƙila zazzaɓin ne. Wataƙila ba shi ba ne. Babu wanda zai zo ya faɗa mini."

Khairunnisa ta san sunan Bilki, amma ba ta taɓa jin Gwaggo ta jera magana mai tsawon haka a kanta ba.

"Kin san abin da ya sa nake zama jin littafin nan, ni da ban damu da na soyayyarku ba?" in ji Gwaggo. "Don a cikinsa ana faɗa. Ko an daɗe, a ƙarshe sai an nuna maka wanda ya yi. Wadda ta rubuta shi ta ga mutane, ta san irinsu. In ta ce mai shirun nan ba shi da laifi, to zuciyata ce ke ruɗi na, in sa hannu a yi aurenku. In kuwa ta ce shi ne, ba zan kai ki gidan da zan kwana ina jiran akwati ba."

"Ki ɗora rayuwata kan littafin haya, Gwaggo?"

"Ba ni da wani abin da zan ɗora ta a kai. Ke kina ganin sa da idon so. Ubanki ba ya ganin kowa sai rediyo. Mu jira na uku."

* * *

Na ukun bai daɗe ba. Abdulrashid ne ya kawo shi.

Abdulrashid ɗan aminin Malam Lawwali ne, yana safarar kayan babur daga Kano. Ya nemi Khairunnisa tun kafin Yusha'u, ta ba shi haƙuri, bai haƙura ba. Mutum ne mai fara'a, mai yawan turare, wanda in ya zo gaishe da Gwaggo har maƙwabta sai sun ji dariyarta. Ranar da aka rasa wani abokinsa a hatsarin mota, an ga yana kuka a bakin titi kamar yaro, kuma Gwaggo ba ta manta ba.

Ya kashe babur ƙofar gida bayan azahar, ya aika a kira ta. Littafin sabo ful, ba na haya ba, bangonsa na sheƙi.

"Na ji an ce matan unguwarku sun daina barci," ya ce. "Na ce ina Kano, ba zan bari Gwaggo ta rame ba."

"An gode."

"Na karanta shi a mota. Tun daga Funtuwa ban ɗago kai ba har muka shigo gari." Ya yi murmushi, yana kaɗa makullin babur a yatsa. "Wannan matar ta iya rubutu. Ta san mutane. Ki gaishe da mai rediyo."

Tun daga murmushin nan ta san ƙarshen ba zai yi mata daɗi ba.

Ta shige ɗaki ta tura ƙofa. Ba ta taɓa yin haka ba, don ƙa'idarta ce ba ta riga matan sanin labari. Tare suke shiga, tare suke fita. Yau kam ta fara daga baya. Ta buɗe shafukan ƙarshe.

Maharazu ne.

Shi ya sayo gubar, shi ya dama furar da hannunsa, ya zauna yana yi wa Ramatu fifita har ta daina motsi. Marubuciyar ba ta bar wata kafa ba. Har da inda yake faɗa wa Sa'adiya, da muryar nan tasa mai sanyi, cewa bai yi kuka ba ne don babu abin da ya rasa.

Khairunnisa ta kifa littafin a kan katifa. A jikin bango wani ƙadangare ya tsaya yana gyaɗa kai, kamar an tambaye shi ra'ayi. Ta ji haushinsa, ta ji haushin matar Kano da ba ta san da zamanta ba, ta ji haushin kanta, don gaskiya labarin ya yi daɗi. Da ba don Yusha'u ba, da ita ce ta farko da za ta ce wallahi tun farko ta zarge shi.

Daga tsakar gida Gwaggo ta ɗaga murya. "Na ji an ce ya iso. Na aika wa mata, gobe bayan la'asar. Ba za mu jira dare ba."

* * *

Rumfar Yusha'u ƙarama ce, cike da rediyoyin da aka buɗe wa ciki. Ba ta taɓa zuwa nan ita kaɗai ba. Da ya ɗago ya gan ta tsaye da kayan makaranta, ya ajiye abin hannunsa, ya kakkaɓe benci da hularsa.

"Lahiya?"

Ta zauna, ta faɗa masa komai: nishin matan, maganar Gwaggo, akwatin Bilki, shafukan ƙarshe. Yana saurare kamar yadda yake sauraren rediyo mai ciwo, kai karkace.

"Wato shi ya kashe ta," ya ce.

"Shi ne."

"Kash. Ni kuwa da kike ba ni labarinsa, har na fara son mutumin."

"Yusha'u, ba wasa nake ba!" Kuka ya ƙwace mata. Ta rufe baki da gefen mayafi don kada masu wucewa su ji. "Yau da la'asar zan karanta mata da bakina. Ni da kaina zan raba mu. Wa ya taɓa jin haka?"

Ya bar ta ta yi mai isarta. Wani mai kabu-kabu ya tsaya tambayar rediyonsa, Yusha'u ya ce masa ya dawo an jima.

"Zan tambaye ka abu ɗaya," ta ce da ta samu numfashi. "Ba don na zarge ka ba. Mi ya sa ba ka yi kuka ba?"

Ya daɗe yana juya wani ɗan ƙaramin noti tsakanin yatsunsa.

"Kakana na wajen uwa golmo ya yi kafin a ba shi mata. Shekaru yana noma wa surukai, ƙaya ta shiga ƙafarsa ba ya cewa wash, don ana kallo. Ubana soja ne. Ranar da aka yi mini kaciya ya tsaya kaina, ya ce in na yi kuka ba ɗansa ba ne. Haka na tashi. Ban san yadda ake yi gaban mutane ba. Ranar da aka binne Hurera na ji abin ya taso mini har nan," ya taɓa maƙogwaronsa, "ya tsaya. Mutane na ta kallon fuskata suna jira. Da asuba na ɗauki fartanya don kada a tambaye ni ina za ni. Dawa ta yi tsawo lokacin, ta fi ni. Na shiga tsakiyarta inda ba mai gani. Ban yi noma ba ranar. Na kwanta cikin kunya, na cusa baki cikin ƙasa don kada masu gonar kusa su ji. Sai da rana ta karkata na fito."

Ya ajiye notin a kan benci.

"Har yau in dawa ta kai tsawon nan ba na son shiga," ya ce. "Ƙanena ke yi mini."

"Ka zo ka faɗa wa Gwaggo haka."

"In na zo na faɗa, ai shi ma wancan na littafin ya iya magana mai daɗi. Za ta ce na ji an zarge ni ne na shirya."

Gaskiya ya faɗa, ta sani. Ta share fuska, ta rage murya.

"Babu wadda ke duba littafin sai ni. Abin da na faɗa shi suke ji. Zan iya cewa kawun ne. Matan ma da yawa shi suke zargi."

Karo na farko tun da ta san shi, Yusha'u ya ɗago ya dube ta ido cikin ido.

"A'a."

"Yusha'u…"

"Ki karanta yadda aka rubuta. Tsohuwar nan tsoro take ji, kuma tana da dalili. In aka ba ni ke da ƙarya, duk ranar da kika yi ciwon kai a gidana za ta zo tana duba kwanon da kika ci abinci. Kuma Abdulrashid ya karanta, kin manta? Bakinsa ba ya rufuwa."

"In na karanta gaskiya an gama."

"Sai mu jira. Zan ci gaba da zuwa gaishe ta har ta gaji da ganina."

"Kai ka iya jira. Ni fa? Abdulrashid na zaure kullum, babana ba ya iya ce wa Gwaggo a'a. Kafin ta gaji da ganinka an sa rana da wani."

Ya ɗauki notin ya mai da shi cikin gwangwani, ya rufe a hankali.

"Ki yi mini alkawari," ya ce.

Ta miƙe ta gyara mayafi. Ta fita ba ta yi ba.

* * *

Bayan la'asar tsakar gidan ya cika fiye da kullum. Har waɗanda ba su ji na ɗaya da na biyu ba sun zo, ana ba su labari a gurguje, kowa na gyara wa kowa. An yi ruwa da rana, ƙasa na ƙamshi, kaji na kakkaɓe fuka-fukai a gindin rumbu. Gwaggo ta sa aka fito mata da kujera 'yar tsugunne, ta zauna daf da Khairunnisa, abin da ba ta saba ba.

Khairunnisa ta yi bisimilla ta fara.

Ta karanta yadda aka rubuta. Sa'adiya ta shiga bincike, ta bi mai aikin gidan har ƙauyensu, ta gano kawun ya yi ƙarya game da inda ya kwana. Mata na tafa hannu, suna cewa ai mun faɗa. Wata ta yi wa Sa'adiya tsawa kada ta shiga motar nan, kamar tana jin ta. Khairunnisa na karatu, tana jin shafukan da suka rage suna sirancewa a ƙarƙashin babban yatsanta.

Sai ga wurin. Sa'adiya ta tsare Maharazu a falonsa, ta ce ya faɗa mata gaskiya, mi ya sa bai yi kuka ba.

Tsakar gidan ya yi tsit. Gwaggo ta daina jan carbi.

Khairunnisa ta ga amsar a rubuce, baƙi a kan fari, layi na farko a saman shafi. Ta ji muryar Yusha'u na cewa a'a. Ta dubi hannun Gwaggo da ke kan gwiwa, jijiyoyi sun fito, yatsun sun damƙe carbin kamar mai jiran hukunci. Ta buɗe baki da niyyar karanta layin.

Abin da ya fito daban ne.

"Maharazu ya daɗe bai ce komai ba," ta ji kanta tana faɗa. "Sannan ya ce, Sa'adiya, ni ban san yadda ake kuka gaban mutane ba."

Daga nan maganar ta ɓalle mata kamar ruwan da aka buɗe wa hanya. Idonta na kan takarda, amma ba ta ganin ko harafi. Ta ba Maharazu uba mai tsanani. Ta ba shi gona, shi da tun littafi na ɗaya bai taɓa fita birni ba. Ta kai shi cikin dawa da asuba, ta kwantar da shi cikin kunya, ta cusa masa baki cikin ƙasa. Ta faɗi yadda ganyen dawa ke kaɗawa a kansa, da yadda tururuwa ke bin hannunsa bai kore su ba, da yadda ya riƙa kiran sunan matarsa ƙasa na shiga bakinsa. Muryarta ta karye, ta ci gaba a karye. Ba ta taɓa karatu mai kyan wannan ba.

Mata suka fara sheshsheƙa. Wadda ta fi kowa zagin maza a unguwar ta ja mayafi ta rufe fuska.

Ta juya kan kawun. Ta sa mai aikin gidan ta shigo da gudu ta faɗi gaban Sa'adiya, ta tona yadda ya ba ta ƙullin magani. Ta kawo 'yan sanda. Ta sa kawun ya yi ƙoƙarin tsallake katanga babbar rigarsa ta maƙale. Aka yi shewa, wata ta ce Allah shi ƙara. Duk wannan bai ɗauke hankalin Khairunnisa daga abu ɗaya ba: gefen idonta na kan Gwaggo.

Hawaye ne ke bin tsagar fuskar tsohuwar, ba ta share ba.

"Allah sarki," in ji Gwaggo a hankali, kamar da kanta take. "Ashe akwai masu shiga dawa. Ashe na ɗauki alhakin bawan Allah." Ta ɗora tafin hannunta a kan gwiwar Khairunnisa, ta bar shi nan. "In kin gama, ki kira mini ubanki."

Abin da Khairunnisa take nema ke nan, ga shi an miƙo mata, amma sai ta ji hannun Gwaggo ya yi mata nauyi kamar dutsen niƙa. Ta nemi inda za ta sauke labarin.

Mama Dinah ce ta gyara zama. Kafin idonta ya yi rauni ita ke karanta Littafi Mai Tsarki a taron matan cocinsu, ta san tsawon abin da takarda ɗaya ke iya ɗauka. Ta fyace hanci, ta matso, tana leƙen littafin da fuskar mai neman sani kawai, ba mai neman rigima ba.

"Ni kam, ɗiyata, wannan wane irin shafi ne? Tun da mutumin nan ya shiga gona har aka kama kawun, ban ga kin juya shi ba."

Sheshsheƙar ta tsaya. Ɗaya bayan ɗaya matan suka sauke ido kan littafin da ke buɗe a cinyar Khairunnisa. Hannun Gwaggo na nan a kan gwiwarta, bai ɗaga ba, bai kuma ƙara motsi ba.